Kawu Nomau da Igiyar Labari

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Urafane ya san Kawu Nomau, ƙanen mahaifiyata. Yana zaune gindin gawo, ƙafa a miƙe, bakin igiya ɗaure a babban yatsa, yana tufka yana zuba labari. Kun kuma san dokarsa: inda kaba ta ƙare, nan labari ya ƙare. Ko kura ta buɗe baki za ta kama mutum, in igiya ta kai ƙarshe sai ya ƙulle ta ya ce, "Shi ke nan. Ina mai saye?"

"Haba Kawu! To kurar ta ci shi?"

"Tahi ka tambaye ta. Ni igiya nika saidawa."

Manya sun ce tun yana saurayi haka yake. Shekarar babbar yunwa, zamanin mulkin soja na wancan karo, wani komanda ya zo Mayahi rabon jar dawa. Ya tara mutane cikin rana ya yi ta jawabi da Faransanci, tafinta yana juyawa, Kawu yana tufka. Da aka gama, ya tashi ya miƙa masa igiyar.

"Ranka shi daɗe, ga jawabinka na auna. Ya isa rijiyar Issawane har da rara. Ruwan kaɗai ya rage."

Tafinta, Allah ya saka masa, ya ce kyautar godiya ce. Komanda ya sara wa Kawu, ya tafi da igiyarsa yana murna!

Amma labari ɗaya ne bai taɓa bayarwa ba. A wannan shekarar ta yunwa, ina goye, shi da babana suka yi kudu neman abinci. Kawu ya dawo shi kaɗai. Duk lokacin da na tambaye shi sai ya ce, "Shaibu, wanga labari kabarshi ba ta tsiro ba tukuna." Na girma, na yi furfura, kaba ba ta tsiro ba.

Na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci a Tasawa. Malamarmu Rahila, ɗiyar fasto, ta nuna mana wani shafi a salula inda mutane ke sa gajerun labarai, daga Nijar, Najeriya, har Gana. Ta ce wanda ya rubuto za ta sa masa. Na ce ai ina da rumbu a gida.

Na tafi wurin Kawu da bik na rubutu da takarda. Kafin in gama rubuta "Wata rana", Kawu ya ƙulle igiya.

"Kawu, a maimaita mini."

"Ka taɓa ganin an tufka igiya sau biyu? Kai, wanga rubutu naka kamar jaka mai ciki cikin rairayi!"

Mako ya zagayo, na dawo. Wani makon ma na dawo. Da ya ga ba ni da niyyar gajiya, ya ce zai yi mini daidai ƙarfina. Ya ɗauko ƴar kaba ta dabaibayin akuya, ya ba ni labarin wani jaki da ya ƙi cin dusar taimako don bai san mai ita ba, ya mutu da mutuncinsa. Malama ta gyara mini baƙaƙe, ta sa a shafi.

Wayyo, sai ga saƙonni! Na je ina karanta masa a hankali. Kowa cewa yake, "Ci gaba don Allah."

"Ci gaba da mi? Jakin ya mutu!"

"Wata daga Kano ta ce a ƙara soyayya."

"Jakin da wa? Hwaɗa mata ta zo ta aure shi."

Na nuna masa manyan yatsun da masu karatu suka ɗaga masa. Ya duba nasa, wanda igiya ta cinye har ya yi kanta, ya ce, "Duk cikinsu babu wanda ya taɓa aiki."

Haka muka yi ta yi, ga soja sun sake dawowa, ga damina tana yi mana rowa. Rubutuna ya ɗan yi sauri, ƙafarsa ta daina kai shi kasuwa. Ni kuwa tsorona ɗaya, kada ya tafi da babana cikin bakinsa.

Wata safiya ya aiko a kira ni. Na tarar da shi a tabarma, kaba jiƙaƙƙiya a gefensa.

"Ɗaura mini a yatsa. Ka zo da bik ɗin?"

Ya fara tufka a hankali. In na tsaya, ya tsaya. Mutumin da bai taɓa maimaita magana ba, ranar nan sai da ya yi ta maimaita mini. Ya ce sun samo garin rogo a kudu, suna dawowa ƙafar babana ta kumbura, ciwo ya kwantar da shi a wani ƙauye. Kawu ya ce zai jira shi. Babana ya ce, "Nomau, gari ba ya jira, yaro ba ya jira. Ɗauki har da nawa." Ya ɗauka, ya kawo mana gida. Da ya koma, an riga an rufe shi.

Ya ƙulle igiya. Bai ce ina mai saye ba, ya ɗora mini ita a cinya.

"Wagga an biya ta tun kana goye."

Bai ga kaka ba. Malama ta sa labarin a shafi kamar yadda ya faɗa, ba mu ƙara ko kalma ba. Mutane da yawa sun karanta, kuma babu wanda ya ce a ci gaba.

Allah ka jiƙan Kawu Nomau, ka haɗa shi da abokin tafiyarsa a inuwar da babu yunwa. Mu kuma, in tamu kabar ta ƙare, ka sa mu ƙulle da kyau.