Tarihin Malam Ilu Zaitawa, Maƙerin da Ya Karya Injin Sharaɗa

Haihuwa da Nasaba

An haifi Malam Ilu a farkon shekarar 1958, wadda ta yi daidai da 1377 bayan Hijira, a unguwar Zaitawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa Malam Jafaru dillalin shanu ne, jikan Fulanin da suka bar ruga suka zauna cikin ganuwa tun zamanin da. Mahaifiyarsa kuwa 'Yardada ake kiranta, mutuniyar Shahuci. Gidan Malam Jafaru gida ne na kunya mai tsanani, irin wanda ɗa ba ya cin abinci a gaban ubansa, mijin 'ya kuma ba ya zama a tsaye idan ya hango surukinsa, balle ya haɗa ido da shi ko ya mayar masa da magana. A kan wannan tarbiyya Ilu ya tashi, kuma da ita ya yi mu'amala da jama'a har ya yi furfura.

Karatu

Ya fara da makarantar allo a ƙofar gidansu, sannan a shekarar 1965 aka sa shi firamare a Shahuci. Ba mai son takarda ba ne, gaskiya, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Amma Allah Ya ba shi hannu. A shekarar 1972 ya shiga makarantar koyon sana'a, sashen ƙarfe, inda malamansa suka lura cewa idan ya shafa ƙarfe da farcen babban yatsansa yakan gane bambancin da bai kai kaurin silin gashi ba, alhali sauran ɗalibai suna can suna fama da ma'auni. Ya kammala a shekarar 1975.

Aiki a Masaƙa

A shekarar 1976 wata masaƙa da ke Bompai ta ɗauke shi a sashen gyara, aka ɗora shi a kan injin sassaƙar ƙarfe irin na da, wanda mutum yake juyawa da hannunsa yana kallo da idonsa. Shekara ashirin da bakwai ya yi a wurin, kuma shaidar abokan aikinsa ta tabbata a kan cewa ba a taɓa jefar da ƙarfe ɗaya saboda kuskurensa ba. Daga nan aka laƙaba masa suna Ilu Ma'auni. To, wannan suna shi ne dukiyarsa. Bai gina bene ba, bai sayi mota ba, amma idan ya ratsa Bompai har masu kamfani sukan sauke gilashi su gaishe shi. Sai dai sunan ya zo masa da illa, domin ya wayi gari ba ya karɓar gyaran kuskurensa daga kowa, kuma na ƙasa da shi suka daina kawo masa.

Aure da Zuri'a

A shekarar 1981 ya auri Malama Zuwaira, 'yar wani malamin fiƙihu a Ƙofar Ɗan Agundi, kuma da ita kaɗai ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Allah Ya azurta su da 'ya'ya bakwai, biyu suka rasu suna ƙanana. Ta uku a cikin rayayyun ita ce Na'ima, wadda aka haifa a shekarar 1991, kuma aurenta ne ya shigo cikin wannan tarihi.

Komawa Sharaɗa da Zuwan Sabon Inji

Da masaƙar ta rufe a shekarar 2003, sai Alhaji Mamman, wani attajiri mai ma'aikata a Sharaɗa, ya kira shi ya ba shi shugabancin ma'aikatansa. Aikin wurin shi ne sassaƙa mazubin ƙarfe wanda kamfanonin roba suke zuba narkakkiyar roba a ciki su fitar da buta da bokiti da takalmi. A shekarar 2011 Alhaji ya sayo inji mai aiki da kwamfuta, wanda ake rubuta masa umarni da lambobi ya yi yankan da kansa. Shi wannan inji ba ya gani kuma ba ya tambaya. Idan aka ce masa wuƙarsa tsawonta kaza ne, to, kaza ɗin ya sani, ko da an canza ta; kuma idan an yi masa ƙarya sai ya sauko da cikakken gudu ya daki ƙarfen da ke gabansa. Wannan shi ma'aikata suke kira karo. Ranar da aka sauke shi, Ɗanjuma mai kula da sito, wanda sa'an Malam Ilu ne kuma shi kaɗai yake iya tsokanarsa, ya zagaya injin ya ce, "Ilu, yau dai ga wanda ya fi ka taurin kai ya iso."

Tare da injin aka ɗauki Tajuddeen, mutumin Ƙofar Ɗan Agundi, wanda ya yi karatun wannan fanni a kwalejin fasaha, aka damƙa masa shi. Malam Ilu ya yaba da natsuwarsa da ladabinsa, har a shekarar 2013 ya ba shi auren Na'ima. Daga ranar ɗaurin aure magana ta yanke a tsakaninsu, kamar yadda al'adar gida ta tanada: Tajuddeen yakan durƙusa ya gaishe shi da safe, idan kuwa akwai wani bayani na aiki sai ya bi ta bakin Ɗanjuma. Jama'a suka yi ta yabon wannan tarbiyya. Babu wanda ya tsaya ya tambayi yadda za a yi idan bayanin na gaggawa ne.

Karon Shekarar 2015

Ranar Talata, goma ga watan Maris na shekarar 2015, da hantsi, ana tsakiyar yanka mazubin buta sai wuƙar injin ta dakushe. Malam Ilu, wanda yake tsaye a wurin, ya ɗauko wata daga akwati, ya shafa ta, ya gwada ta da tsohuwar da idonsa, ya ɗaura ta da hannunsa, bai auna ba. Sabuwar ta fi tsohuwar tsawo da abin da bai wuce faɗin ɗan yatsa ba. Tajuddeen ya gani. Maɓallin tsayarwa, jan nan, yana dab da gwiwar hannunsa, amma taɓa shi daidai yake da ce wa surukinsa ka yi kuskure a gaban ma'aikata tara. Sai ya yi gyaran murya, Malam bai waiwayo ba. Sai ya sulale da sauri zuwa sito domin ya kira Ɗanjuma ya zo ya faɗa. Kafin ya kai ƙofar sito Malam Ilu ya danna koren maɓalli.

Ƙarar ta kai har bakin titi. Wuƙar ta nutse cikin mazubin ta tarwatse, sandar da take juya ta ta lanƙwashe, ɓarɓashin ƙarfe ya tsaga gilashin ƙofar injin. Allah Ya tsare, babu wanda ya ji ciwo, amma injin ya kwanta wata bakwai ana jiran kayan gyara daga ƙasar Sin.

Da Alhaji Mamman ya zo bincike, tambaya ɗaya ya yi: ina mai kula da injin yake lokacin da abin ya faru? Aka ce ya fita. Ma'aikatan da suka ga wanda ya ɗaura wuƙar suka sunkuyar da kai. Ɗanjuma bai san komai ba, domin saƙon bai isa gare shi ba. Tajuddeen bai kare kansa da ko kalma ɗaya ba. Shi kuwa Malam Ilu, wanda ya fi kowa sanin haƙiƙanin al'amarin, yana tsaye aka sallami mijin 'yarsa, bakinsa a rufe. Wannan shi ne babban aibin da ke cikin tarihinsa, kuma ba za a shafe shi ba don ya mutu.

Shekarun Shiru

Labari ya bazu daga Sharaɗa zuwa Bompai har Chalawa cewa Tajuddeen mai sakaci ne, yakan bar inji yana aiki ya tafi yawo, saboda haka babu ma'aikatar da ta yarda ta ɗauke shi. Sai ya koma tuƙin adaidaita sahu tsakanin Ƙofar Nassarawa da Kabuga domin ya ciyar da Na'ima da 'ya'yansu biyu. Ko ita bai faɗa mata gaskiyar lamarin ba. Kuma duk Juma'a yakan zo Zaitawa ya ajiye kekensa a nesa, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida surukinsa, Malam ya amsa yana kallon tabarma.

A cikin waɗannan shekaru Malam Ilu ya zama mutum mafi tsanani a kan ƙa'idar inji a duk faɗin Sharaɗa. Ya wajabta cewa duk wuƙar da aka canza sai an auna ta an shigar da lambarta, ko da daga kwali ɗaya ta fito da ta farko. Sabon umarni kuma sai an ɗaga wuƙar sama an bar injin ya yi tafiyarsa a iska tukuna, sannu a hankali, hannun mutum a kan jan maɓalli. Idan aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, sai an mayar da injin mafarinsa kafin a ci gaba, domin yakan manta inda ya tsaya. Dukkan wannan daidai ne, kuma ya kare ɓarna da yawa. Amma ainihin abin da ya karya injin bai shiga cikin ƙa'idojin ba, domin shigar da shi yana bukatar Malam ya ambaci sunan kansa. Malama Zuwaira ta ce a lokacin nan ya rame, ya rage hira a zaure, kuma idan ya ji ƙarar adaidaita sahu a lungu sai ya tashi ya shige ɗaki.

Bayyana Gaskiya

A ƙarshen watan Agusta na shekarar 2018 aka sake yin wani ƙaramin karo. Malam Ilu ne ya ɗaure ƙarfen a kan teburin injin, ya bar kan wata ƙusa ya fito a hanyar wuƙa, wuƙar ta taɓa shi ta karye. Mai kula da injin a lokacin Tanko ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Malam ya tambaye shi ko bai ga ƙusar ba. Tanko ya ce, "Na gani, Baba." Ya ce, "To, me ya hana ka magana?" Tanko ya sosa ƙeya ya ce, "Ai kai ka ɗaure, Baba."

Kwana uku Malam Ilu bai je aiki ba. Ranar Litinin, uku ga watan Satumba, ya roƙi Alhaji Mamman ya tara ma'aikata duka a gaban injin, ya miƙe ya faɗa musu cewa shi ne ya ɗaura wuƙar 2015 ba tare da awo ba, cewa Tajuddeen ya fita ne neman mai faɗa masa, kuma cewa ya yi shiru ne domin tsoron zubewar sunansa. Sannan ya ajiye shugabancin da kansa. Alhaji ya ce, "Malam, da ka faɗa a ranar, da faɗa kawai zan yi maka." Ɗanjuma kuwa, wanda kowa ya zaci zai yi ba'a, juya baya ya yi ya koma sito.

Da la'asar ta ranar Malam Ilu ya yi abin da ba a taɓa ji ba a zuri'ar Malam Jafaru: ya taka da ƙafarsa zuwa gidan mijin 'yarsa a Ƙofar Ɗan Agundi, ya yi sallama. Tajuddeen ya fito a ruɗe ya zube ƙasa. Malam ya ce masa, "Tashi tsaye. Abin da ka nufi sito domin ka gaya wa Ɗanjuma, gaya mini yanzu da bakinka." Tajuddeen ya ce Allah Ya huci zuciyar Baba, ai ya wuce. Malam ya ce bai wuce ba, kuma ba zai bar ƙofar gidan ba sai ya ji. Maƙwabta suka fara taruwa. Can dai Tajuddeen ya ce, "Baba, wuƙar ta fi tsawo." Malam ya ce, "Ta fi. Ka yafe mini."

Ƙarshen Rayuwa

A watan Janairu na shekarar 2019 Alhaji Mamman ya mayar da Tajuddeen, ya ba shi kujerar da Malam ya bari. Ƙa'ida ta farko da aka rubuta a jikin bango, bisa roƙon Malam, ita ce jan maɓalli ba shi da babba ba shi da ƙarami, wanda ya gani shi zai danna, a yi gaisuwa daga baya. Shi kuwa Malam Ilu sai ya shiga zagaya ma'aikatu, ba a gayyace shi ba, yana ba da labarin karonsa tun daga farko ba tare da ya rage komai ba. Wasu suka amfana, wasu suka ce tsufa ne. Sunan Ma'auni ya faɗi daga bakin mutane, kuma bai nemi a mayar masa ba. Abin da ya dame shi har ƙarshe shi ne, a Chalawa akwai waɗanda suka ji labarin farko ba su ji na biyu ba, saboda haka ko da ciwon suga ya taɓa ƙafarsa bai fasa hawa mota zuwa can ba.

Wafati

Allah Ya yi masa rasuwa da safiyar Juma'a, goma sha bakwai ga watan Nuwamba na shekarar 2023, a gidansa na Zaitawa, yana da shekara sittin da biyar. An yi masa salla bayan an sauko daga masallaci, aka kai shi maƙabartar Ɗandolo, inda ma'aikatan Sharaɗa da Bompai suka yi ta karɓar makara hannu da hannu. Ya bar matarsa Malama Zuwaira da jikoki goma sha ɗaya. Kafin rasuwarsa ya yi wasiyya a kan yadda za a jera 'ya'yansa duk inda aka ambace su, ya ce ba maganar gado yake ba, ya san shari'a. Ga su kamar yadda ya faɗa: Nazeer, Abdulhakeem, Na'ima, Khadijat, Nura, da Tajuddeen. Allah Ya gafarta masa, Ya yafe masa shirunsa.