Kunun Kaka da Dogon Kofi

Ranar wata Laraba ta damina, shekarar da na shiga aji biyu, na bar gidanmu na Lamisula ban karya ba, domin na gama yanke hukunci cewa Kaka ba ta ƙaunata. Hujjata a fili take. Kowace safiya, bayan mun share tsakar gida mun ba awaki dusa, takan zuba wa Bintu, 'yar kawuna, kunun tsamiya a dogon kofin roba, ni kuwa a kwano mai faɗi. Na Bintu ya kusa baki, nawa yana kwance can ƙasa. In na yi ƙorafi sai ta ce, "Ludayi bibbiyu na zuba muku, uwar mita. Sha ki ba ni kwanona." Ban yarda ba, ai da idona na gani.

A makaranta Malam Bukar ya ga na kifa kai a benci. Da na faɗa masa dalili, 'yan aji suka kwashe da dariya. Malam ya ce musu, "Au, ku kun fi ta wayo ke nan? To bari mu gani." Ya sa aka kawo ruwa da gwangwani da kwalba da farantin mai ƙosai, ya zuba gwangwani ɗaya a kwalbar, ɗaya a farantin, ya tambayi wanne ya fi yawa. Yawancin masu dariyar suka nuna kwalba. Bai gyara wa kowa ba. Ya miƙo mini gwangwanin, ya koma bakin taga. Na juye ruwan kwalbar, gwangwani ya cika. Na zubar, na juye na farantin, ya sake cika. Na zargi farantin, na zargi Malam, na yi ta maimaitawa har rigata ta jiƙe, sannan abin ya zauna mini. Da aka tashi, ban tsaya carafke ba. Na tarar Kaka ta rufe mini kunun da faifai, na shanye shi da sanyinsa, tana tankaɗe kamar ba ta gan ni ba.

Yanzu na san akwai shekarun da yaro ke auna yawan abu da tsayinsa kawai, kuma bayanin babba ba ya fitar da shi daga nan sai ya gwada da kansa. Ɗana yana karatu a Galtimari, a aji mai fanka da farin allo, yana haddace amsa tun tambayar ba ta dame shi ba. Malaminsa na sauri ne ya kammala manhaja, ban kuma ga laifinsa ba. Sai dai ina so wata rana wani ya bar yaron nan ya yi kuskurensa, ya tsaya ya jira shi.