Ranar da Aka Ɗauke wa Maigidana Tsani

Ko tsufa zai share mini komai daga kai, na tabbata zai bar mini safiya ɗaya, wato safiyar da maigidana ya maƙale a saman motarsa daga shi sai singileti da gajeren wando, rabin ƙauye na tsaye ana kallonsa. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, bai taɓa barinmu da yunwa ba. Amma in ya ga sabon abu a hannun Bature, to hankalinsa sai ya yi sallama da shi ya tafi yawo.

A lokacin muna zaune a Hayin Banki, ba a daɗe da barin fam da sule an koma naira ba. Fataucin hatsi yake yi. Yana da a-kori-kura, yana bin kasuwannin ƙauye ya saro masara da dawa ya kawo cikin gari, sau da yawa a hanya yake kwana. Gida ɗaya muke da ƙanensa, wani tela marar hayaniya, da matar ƙanen, wato faccalata. Yarinya ce mai tsananin kunya, 'yar wani malami a wani ƙauye gaba da Rigachikun kaɗan. Tana goyon ɗanta na fari, ni na yi mata wankan jego, kuma yaron ya fi zama a bayana fiye da bayanta.

A daminar shekarar nan bangon makewayinmu na baya ya zube, kuma shi ne ɓangaren da ke kallon lungun da maza ke bi zuwa masallaci. Maigida ya samo wata tsohuwar tabarma ya rataya a wurin, ya ce kafin jibi za a gyara. Tabarmar nan in iska ta kaɗa sai ta ɗaga kamar tana gaida masu wucewa. Haka muka koma in ɗaya za ta yi wanka sai ɗaya ta tsaya riƙe da zane. Ni na saba da haƙuri, amma faccalata da ta tashi a gidan da ko inuwar namiji ba ta giftawa, sai ta fito daga wanka tana share hawaye. Mijinta ba shi da ta cewa, gida na yayansa ne. In na yi magana sai maigida ya ce, "Bari ruwa ya ɗauke." Da ruwa ya ɗauke ya ce, "Bari kaka ta kankama."

Kaka ta kankama kuwa. Ran nan da la'asar muka ji hon a ƙofar gida ba ƙaƙƙautawa. Na leƙa ta zaure, sai ga motar maigida da wani ƙaton akwati ɗaure a samanta, mai walda ya kafe shi a kan ƙarafa. Wai wani Bature ne zai koma ƙasarsu ya yi gwanjon kayansa. Maigida ya kwance igiyoyi, ya ja wani tsanin ƙarfe, sai abin ya buɗe kamar littafi, ga ɗaki sukutum na tamfol a saman mota, da ƙofa da tagogi har da katifa. Maƙwabta suka taru. Ya hau ya zauna a bakin ƙofar yana kaɗa ƙafa, ya fara wa'azi: daga yau ya rabu da kuɗin cizon masaukin fatake, maciji ba zai same shi ba, ɓarawo kuwa in zai taɓa buhu sai ya bi ta ƙarƙashinsa.

Da ya shigo cin tuwo na ce masa a hankali, "Maigida, in kana can sama aka ce ga masara ta faɗi a ƙauyen gaba fa?"

Ya ce, "Sai in naɗe in tafi."

"Kafin ka gama naɗewa ba a saye ba? Buhunan da kake jibgawa sama kuma ina za su zauna?"

Ya ce, "Ke dai ba ki san ci gaba ba. Duk Kaduna wa kika gani da bene mai tafiya?"

Faccalata da ke gefe tana ba yaro nono ta kalli tabarmar makewayi, ta kalli ƙasa. Da gari ya waye, maza sun fita, ta goya ɗanta, ta durƙusa ta ce, "Yaya, ki yafe ni," ta tafi gidan iyayenta. Ban hana ta ba, don ban san da wane baki zan hana ta ba.

Gida ya yi mini faɗi. Telan nan ya rame, ya koma ɗinke aljihu a bayan riga. Aka aika biko, malamin ya mayar da 'yan aike ya ce shi da babban gida zai yi magana, kuma in aka wuce wannan karon ba a daidaita ba, sai a aiko wa 'yarsa da takardarta. To kun ji abin da ya fitar da mu, ni da maigida, muka nufi ƙauyen. Wurin nan ko a keke ana zuwa a dawo kafin azahar. Amma maigida ya ƙi tashi sai bayan la'asar, ya ce biko ba a yi masa gaggawa, dole a kwana. Na san ba bikon ne ke son kwana ba.

Malam ya karɓe mu da mutunci. Dattijo ne mai magana ƙasa-ƙasa. Ya sa an share ɗakin baƙi da ke jikin zaure, an shimfiɗa sabuwar tabarma, an turara shi. Ya ce a huta, magana sai da safe. Ina tsaye a soron ciki na ji maigida ya ce, "Ai Malam kada a wahala, na zo da ɗakina." Na ji kamar in nutse. Mutum ya zo roƙo gidan mutane, an ba shi masauki ya ce ya fi ƙarfinsa! Malam ya ce, "To, madalla." Wanda ya san dattijan ƙasar nan ya san irin wannan madallar.

Shi ɗakin nan ba ya zama sai a wuri mai daidai, in ba haka ba mutum ya kwana yana gangarawa. Maigida ya zaga ya zaga da mota, bai sami inda ya yi masa ba sai jikin katangar gidan Malam ta gabas. Nan ya manna ta ya kafa benensa. Ni ina ciki wurin mata, ban ga inda ya tsaya ba.

Yaran yanzu da suka tashi cikin benaye ba za su gane ba, sai na yi bayani. A wancan zamani namiji ba ya ɗaga kansa sama da katangar mutane haka kawai. Ko magini zai hau soro yaɓe, ko mutum zai hau bishiya sassabe, sai ya tsaya ya ɗaga murya, "Za a hau sama, mata a kimtsa!" Ya jira, sannan ya hau, kuma in ya hau ba ya waiwayen gidan kowa. Makewayi ba rufi gare shi ba, katanga ita ce duk suturar mace. Maigidana ya san wannan tun yana yaro. Sai dai a ransa ba sama ya hau ba, ɗakinsa ya shiga.

Da aka sauko daga sallar asuba ya cire babbar rigarsa da wandonsa, ya ninke ya ajiye a kujerar gaba don kada su yamutse kafin ganawa da Malam, ya kulle motar, ya haye da singileti. Gari ya yi haske. Ina tsakar gida riƙe da yaron da na yi kewa, matan gida kowa na harkarta, wasu da ɗaurin ƙirji, sai ga Inna, uwar faccalata, ta fito daga makewayi da ƙwaryar wankanta, zane ko gama ɗaurawa ba ta yi ba. Sai muka ji murya daga sama, cike da fara'a:

"Inna, barka da asuba! An tashi lafiya?"

Muka ɗaga kai. Ga fuskar maigidana a taga, saman katanga, da kofin shayi a hannu, rediyo na yi masa labarai a gefe. Ya buɗe taga shan iska, kuma tarbiyya ta hana shi ganin babba bai gaishe ta ba. Tsakar gida ta watse kamar an jefa wa kaji dutse. Wata ta bar tukunya a wuta, wata ta faɗa ɗakin da ba nata ba.

Inna ba ta yi ihu ba. Ta gyara zanenta, ta shiga ɗaki ta yafo mayafi, ta fita ta zaure da sauri irin wanda ban zaci shekarunta za su iya ba. Na bi bayanta. Ta kama tsanin nan ta girgiza, ta ɗaga shi ya fita daga maƙalinsa, ta saɓa a kafaɗa ta shige da shi gida, ta jingina a bayan rumbu. Sannan ta dawo ta ce wa 'ya'yanta maza da suka fito da sanduna, "Kada wanda ya taɓa shi. Kada kuma wanda ya miƙa masa ko hula."

Ƙofar ɗakin nan a kan iska take, tsanin ne ƙafarta. Maigida kuwa mai jiki ne, ga ciwon gwiwa. Da babu kowa wataƙila da ya rufe ido ya diro, amma kafin ya gama shawara ƙauye ya taru. Ya ja ƙofa ya rufe. Rana ta fito ta doki tamfol, ga zafin kaka, ba inuwar komai. Ba a jima ba ya buɗe don ya sha iska, aka sa dariya, ya rufe. Zafi ya sake koro shi. Haka ya dinga yi kamar kunkuru. Wani tsoho ya ce, "Ɗan Kaduna, nawa ne hayar saman?" Wani ya ce a bar shi, ai maciji ba zai same shi ba. Shayin da ya sha kuma ya fara neman hanya, na gane daga yadda yake zama.

Ya hango ni ya ce ƙasa-ƙasa, "Ke, miƙo mini wandona mana."

Na ce, "Maigida, mabuɗin motar yana wurinka."

Na je zaure na durƙusa daga bakin ƙofa na ba Malam haƙuri. Bai ɗago daga littafinsa ba ya ce, "'Yata, ni baƙon da na sani na ba shi ɗaki bai karɓa ba. Na sama kuwa ban san da shi ba, ban ji ya yi sallama ba. Ki tambayi mai tsani."

Na koma wurin Inna. Na same ta zaune a kan turmi, faccalata na gefenta ta rufe baki da mayafi, tana ƙunshe dariya. Na durƙusa na ce, "Inna, mun yi laifi, a dubi girman Allah."

Ta ce, "'Yar nan, ke ba ki yi mini komai ba. Tun yaushe yake can?"

Na ce, "Tun fitowar rana."

"Har ya gaji da a gan shi ba sutura? 'Yata damina guda ta yi a haka." Ta miƙe ta fita, ta tsaya a gindin mota ta riƙe ƙugu. "Ɗan nan, leƙo. Biko ka zo?"

Ya leƙo da kai kaɗai, gumi na ɗiga daga gemunsa. "Biko na zo, Inna. Wallahi ban yi nufin..."

"Bangon fa?"

"Gobe-goben nan zan kira magini."

"Goben Kaduna ko ta nan? Gini sai ya bushe. Yau in ta koma, da me za ta kare jikinta?"

Ni kuma da ba na magana a gaban maza, sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce a hankali, "Inna, tamfol ɗin nan da yake ciki mai kauri ne. Ko rana ba ta ratsa shi, balle ido."

Maigida ya dube ni irin duban da bai taɓa yi mini ba. Ya dubi taron, ya dubi ƙasa da nisanta, ya sake gyara zama. Ya ce, "A yanka."

Inna ta ce, "Ɗaga murya, shaidu ba su ji ba."

"Na ce a yanka!"

Sai a sannan tsani ya fito. Inna ta sa maza suka juya baya kafin ya sauko, ta ce su gidansu ba a kallon tsiraicin mutum. Da ya kimtsa, Malam ya kira shi zaure, ya sa aka kawo masa fura a ɗakin nan da ya ƙi kwana, bai ko ambaci abin da ya faru ba. Ina jin wannan ya fi rana ƙona shi.

Da la'asar muka shigo Hayin Banki, faccalata na gefena, yaro na cinyata. Telan nan da kansa ya sa almakashi ya farke ɗakin Bature, kafin magariba makewayi ya rufu ruf. A makon aka ta da bango, amma tamfol ya zauna a matsayin labulen ƙofa har yaron nan ya shiga makaranta. Tsanin kuwa ya yi mana amfani wajen gyaran kwano, kuma duk ranar da maigida zai hau, sai an ji muryarsa har bakin titi yana cewa mata a kimtsa.

Kwanaki wani jikana ya nuna mini hoton irin ɗakin nan, wai yanzu ana yayinsa, yana tambaya ko ya cancanci a saya. Na ce masa Baturen da ya kawo shi daji yake kwana, inda ba katangar kowa, ba surukin kowa. Mu kuwa duk inda dare ya yi mana, a ƙofar gidan wani ne. Abin da na koya ke nan a safiyar nan: kafin ka sayi abu, ka duba ko don irin zamanka aka yi shi, ka kuma zaga bayan gidanka ka ga abin da ya rushe yana jiranka. In ka duba ka ga komai lafiya, saya abinka. Sai dai in za ka hau, ka yi sallama, kuma ka hau da wandonka.