Zanen da Ya Juya wa Titi Baya

Babana likitan akwatunan babur ne. Ba ya son in faɗi haka, ya fi son a ce masa mai gyara kawai, amma duk wanda ya ga halin da ake kawo masa su zai goyi bayana. Rumfarsa tana Sabon Gari, bayan layin masu sayar da tayoyi, kuma akwatunan da ke zuwa can na gwanjo ne, waɗanda masu kai saƙo na wata ƙasa suka gama wahalarwa aka turo mana. Wani ya zo da tsaga daga baki har gindi, wani babu murfi, wani yana warin kifin da ya mutu tun kafin a haife ni. Baba zai kwance komai, murfi da kwaɗo da ƙusoshi, ya ɗinke tsagar da waya kamar masu ɗinkin ƙwarya, ya bi ta da ƙarfe mai zafi, ya cike ramuka, a goge da samfefa, a shafa fenti. Ranar da za a ɗaura shi a kariyar babur, ƙarfen nan na baya da ake ɗora kaya, mai akwatin sai ya zagaya shi sau biyu kafin ya yarda nasa ne.

Aiki na ƙarshe kafin a ɗaura shi ne rubutu, kuma wannan nawa ne. Tun ina aji biyu a sakandare Baba ya miƙa mini ƙaramin buroshinsa, siriri mai jan mariƙi, wanda yake tsayarwa a cikin gwangwanin madara, saboda idonsa ya fara gajiya da ƙananan haruffa. Ni nake rubuta sunan shago da lambar waya, in na ga dama in ƙara zane. Gaskiya ne na taɓa zana wa wani mai gasa kaji kaza, matarsa ta zo tana tambaya me ya haɗa sana'arsu da buta. Amma matar nan ba ta san zane ba, ni dai na faɗa.

Bara, da dogon hutu, Mama ta ce abincinta zai fara zuwa Samaru. Yayana ya gama makaranta yana zaune, ga babur, ga ɗalibai can a ɗakunan haya har Bomo waɗanda ko ruwan zafi ba su iya dafawa. Shi zai riƙa kai musu shinkafa da miya. Baba ya ware akwati mafi girma a rumfar, mai kusurwa huɗu, wanda za a iya ɓoye akuya da 'ya'yanta a ciki, ya ce a gaban kowa, "Rubutun na 'yata ne."

Mako biyu na yi ina gwaji a bayan littafin lissafina. Wannan ba akwatin wani baƙo ba ne da zai tafi in daina ganinsa. Namu ne, zai bi titin Samaru kullum, kuma duk wanda ya tsaya a bayan Yaya zai kalli hannuna ko yana so ko ba ya so. Har na shirya irin fuskar da zan yi idan 'yan ajinmu suka tambaye ni.

Sai ɗan Goggo ya sauka.

Ɗan ƙanwar Baba ne, taubashina, daga kudancin Kaduna aka turo shi ya yi karatun share fagen jarrabawa a Samaru. Sa'ana ne, dogo, da wuya kamar na zalɓe, ba ya magana sai an tambaye shi. Da farko na ji daɗin zuwansa, domin taubashi mai shiru abin tsokana ne da Allah ya aiko har gida. Na sa masa suna Baƙauye, shi kuma ya ce mini 'Yar Hayaniya, muka zauna lafiya kwana uku.

A rana ta huɗu ya biyo ni rumfa. Maƙwabcinmu mai sayar da fenti, wani Ibo da aka haifa a Sabon Gari, wanda ya fi ni iya zagi da Hausa, yana gyangyaɗi a kan benci, baki a buɗe. Ɗan Goggo ya tsinci guntun allin Baba ya tsuguna, ya fara ja a kan siminti. Kafin in gama ɓare rake guda, sai ga mai fenti kwance a ƙasa, da tumbinsa da hular da ta zame masa, har da ƙudan da ke shawagi a bakinsa.

Mai fenti ya farka ya ga kansa, ya yi ihu ya tara layin gaba ɗaya. "Ku zo ku ga ni! Ko matata ba ta san ni haka ba!" Ya hana a taka wurin, ya kewaye shi da gwangwanaye.

Baba ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, "Kai, yaro, ina ka ɓoye wannan hannun?"

"Wasa ne kawai, Kawu."

Wasa. Ni shekara uku ina shaƙar fenti har hancina ya daina jin ƙamshin miya, ba a taɓa cire mini tabarau ba.

Washegari Baba ya kira ni da wata murya mai laushi da na san ba alheri a cikinta. Ya ce akwatin gida ne, fuskar Mama ce, a bar ɗan'uwana ya gwada, ni kuma in shirya masa jikin akwatin, domin ba wanda ya kai ni iya samfefa. Ya zaro buroshin daga gwangwanin madara ya miƙa masa a gabana. Na ce to. Na faɗe ta da kyau har da murmushi, na ɗauki samfefa na hau gurzar akwatin kamar shi ya yi mini laifi.

Akwai wata ƙa'ida a rumfar Baba. Akwati idan an cire masa murfi da kwaɗo, an cike ramukansa an goge, duk gefensa iri ɗaya ne, ba ka gane gaba ba ka gane baya. Amma a kan babur hanya ɗaya tak yake zama, domin kariya tsukewa take yi ta gaba, ramukan ƙusoshi biyu na gaba sun fi kusa da juna. Shi ya sa kafin a taɓa fenti Baba yakan ɗora akwatin a kan kariya ya gwada, ya sa alamar alli a ciki, a jikin gefen da zai kalli titi. Nan ake rubutu. Ɗaya gefen kuwa da bayan mai tuƙi yake jingina, ba mai ganinsa sai rigarsa.

Alamar tana nan, da idona na gan ta. Sai dai an ce in wanke cikin akwatin da sabulu saboda abinci za a sa, ni kuwa yarinya ce mai tsabta. Na wanke shi tas. Har yau ina iya rantsuwa cewa soson ne ya je wajen da kansa.

Da fentin ƙasa ya bushe, ruwan ɗorawa mai haske, ɗan Goggo ya zo da buroshina a bayan kunnensa. A bayan kunne, kamar wani kafinta! Ya leƙa ciki ya ce, "'Yar Hayaniya, Kawu ya ce akwai alli. Ban ga komai ba. Wane gefe ne na titi?"

Na sani. Ko ba alli, in na sa hannu a ƙasa na laluba ramukan, zan faɗa masa ido a rufe. Na kalli buroshin, na kalli dogon wuyansa. Ban ce uffan ba. Leɓena kawai na turo, na nuna masa gefen ramuka masu kusa da juna.

Baba ya ɗago daga wani murfi da yake ɗinki. "Kun duba alamar?"

"Ta nuna mini, Kawu."

"Madalla."

Kwana uku ya yi a kan zanen, ni kuma kwana uku ina zaune a kan tsohuwar taya ina kallo kamar mai jiran sakamakon asibiti. Na so ya ɓata. Na yi addu'a hannunsa ya yi rawa, na tuna ranar Lahadi ce jibi, na janye rabin addu'ar. Bai ɓata ba. Ya zana farantin shinkafa da miya, da cinyar kaza a gefe, tururi yana tashi yana lanƙwasa har ya zama sunan abincin Mama. Man miyar yana ƙyalli. Ƙudajen layin suka bar mai rake suka dawo kansa. Wani ɗan acaɓa ya tsaya kallo, ya tafi, ya dawo da biredi. Mama ta zo daga taron zumuntar mata da ƙawayenta biyu, ta dafa kansa ta ce Allah ya yi masa albarka, ni kuma ta ce in matsa ina tare haske.

A nan ne ɗan tausayin da ya fara tsiro mini ya bushe.

Ranar Asabar da safe Yaya ya kawo babur, ya wanke shi har tayoyi. Mai fenti ya fito, masu tayoyi suka fito. Baba da Yaya suka ɗaga akwatin, zanen yana kallon titi, suka sauke a kan kariya. Baba ya tura ƙusa ta farko, ta shiga. Ta biyu ta ƙi. Ya matsa hagu, ya matsa dama, ya kwanta a ƙasa ya leƙa. Ya daɗe a can ƙasa, fiye da yadda leƙe yake bukata.

Ya tashi ya ce, "Juya shi."

Suka juya. Ƙusoshi huɗu suka faɗa ramukansu kamar an kira su da suna. Farantin shinkafa ya koma yana kallon wurin zaman Yaya, titi kuma ya samu fili ruwan ɗorawa wanda ba ko ɗigo a kansa.

Yaya ya ce, "Baba, a huda sababbin ramuka mana."

"A huda ina? Gindin nan ɗinki uku na yi masa. Ka ƙara rami ɗaya, kafin ka kai Hanwa shinkafar uwarka tana kan kwalta."

Mai fenti ya riƙe kai yana salati irin nasa. Ɗan Goggo ya matso. Ya tsaya da dogayen hannuwansa a sake, yana kallon aikin kwana uku. Wannan ban shirya masa ba. Na shirya ya yi faɗa, in rama.

Baba bai daka mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke kika nuna masa?"

"Ban yi magana ba, Baba."

"Na sani. Na ga bakin."

Ya zare buroshin daga kunnen ɗan Goggo ya miƙo mini. "Titi kike so. Ga titi. Litinin za a fara kai abinci."

Ashe haka nasara take, ba daɗi? Duk da haka na karɓa, kada a ce na yi fushi. Na rubuta suna da lambar waya, layin ya ɗan gangara kaɗan amma ana karantawa. Sai zuciya ta ce in ƙara faranti nima, don a san ba shi kaɗai ba ne. Na ƙara.

Asabar ta gaba na nace Yaya ya tafi da ni Samaru, na matse tsakaninsa da akwatin, zanen ɗan Goggo yana manne a bayana. Ina so in ga idon mutane a kan aikina. Muka tsaya a ƙofar wani gidan haya na 'yan mata. Muna sauka, wata ta ƙwalla kira, "Ku fito, mai akwatin nan ya zo!" Na gyara tsayuwa. Suka fito su shida da wayoyi, suka wuce ni, suka wuce rubutuna, suka zagaya gaban akwatin suna ɗaukar hoto da cinyar kaza. Ashe tun ranar Talata labari ya bazu cewa akwai wani mai kai abinci da yake ɓoye zane a bayansa, sai ya sauka ake gani. Wasu ba yunwa suke ji ba, suna yin oda ne don Yaya ya sauka.

Ɗaya ce kawai ta leƙa baya don ta kwafi lambar. Ta nuna farantina da farce ta ce wa Yaya, "Wannan fa? Kuna sayar da hula ne?"

Yaya ya yi dariya har ya kusa yar da miya. A gida ya maimaita labarin sau huɗu. Ɗan Goggo, wanda ya yi mako bai kula ni ba, ya ɗago daga littafinsa, ya turo leɓe ya nuna ni da shi. Tun daga ranar sunana a bakinsa Leɓe, kuma taubashi ne, ba inda zan kai ƙara.

Da hutu ya ƙare ɗan Goggo ya koma gida, buroshin ya koma gwangwanin madara, rubutu ya dawo hannuna. Sai dai yanzu masu babur suna zuwa rumfar su ce wa Baba suna son irin na ɗansa, wanda sai an sauka ake gani. Ni na ƙirƙiro wannan salon, da leɓena, amma ba wanda ya taɓa yi mini godiya. In na ce zan zana musu, sai su ce ba sauri suke yi ba, yaushe yaron nan mai dogon wuya zai dawo?

Goggo ta aiko cewa da Kirsimeti zai zo. Akwatuna biyar Baba ya jera a lungu, an yi musu fentin ƙasa, an sa alli a ciki, wannan karon har da kibiya, kuma ya hana ni wanke ko ɗaya. Jiya ya tambaye ni ko na ga buroshin, gwangwanin babu komai. Na ce ban gani ba, na kuma kula sosai da bakina. Yana cikin takalmin cocina, ƙafar hagu.