Haihuwa a Kejin Ɓeran Masar

Ko zan manta da komai na ƴammatancina, ba zan manta da ranar da na tara ƙawayena shan kunun suna a bayan rumbun Inna ba. Har yau idan na ji motsin kusu a cikin buhu, sai kunya ta lulluɓe ni kamar jiya aka yi abin.

Lokacin ban daɗe da barin lakwal, wato makarantar boko, ba, kuma ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya da ake kawo mini daga kasuwar Maradi. Duk kalmar da ta taɓa mini zuciya sai na kwafe ta a kaye, littafina na rubutu. Akwai wani saurayi ɗan Safo da ke zuwa zance wurina, wanda shi ne baban yarana yanzu. Da aka gama girbi zai tafi ci-rani Najeriya, sai ya zo mini sallama da kwali mai huji-huji. Na buɗe, ga ɓeran Masar guda biyu, ɗaya fari da ja, ɗaya baƙi da fari, suna ta ƙyafta ido.

"Ki riƙe mini su amana har in dawo," ya ce.

Ni kuwa a littattafaina fure ake bai wa budurwa, ko zobe. Na ce a raina ai wannan ya fi, kyauta ce mai numfashi. Nan take na raɗa musu Ango da Amarya.

Inna ta leƙa kwalin ta yamutsa fuska. "Ke ƴar nan, ɓera dai ɓera ne ko daga Masar ya zo. Irin waken da za mu shuka baɗi yana cikin rumbun can. Ranar da na ga kashin kusu a gidan nan, a bakin tabki za su kwana."

Na yi rantsuwa ba za ta gani ba. Sai na gina musu fada da kara, a ƙasa, a jikin rumbun saboda inuwa. Na shimfiɗa musu harawa mai laushi. Tun da masoya ba sa kwana da yunwa a littafi, kullum da yamma sai na cika musu tasa da gero da gyaɗa da ɓawon kankana, in bar musu. Da safe in tarar tasar fes. Na riƙa yi wa ƙawayena alfahari cewa soyayya ce ke buɗe musu ciki. Ban san walima nake yi wa ɓerayen unguwa ba.

Wata safiya na ɗaga harawar zan share, sai ga ƴan jarirai guda shida a lungu, jajaye, ba gashi, idanu a rufe. Hawaye suka zubo mini. Na ruga na ari salular yayana na kira Najeriya.

"Albishirinka! Amarya ta sauka lafiya, har shida!"

Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Kin tabbata?" Na ɗauka farin ciki ne ya ɗaure masa harshe, don haka jarumai suke yi a shafi na ƙarshe.

Gaskiya na ga ƴar wutsiya a jikin kowane ɗaya. Amma na ce ai cibiya ma faɗuwa take yi, ita ma za ta faɗi. Na kuma lura Amarya ko kallonsu ba ta yi. Na ce kunyar ɗan fari ce, ƴar gidan tarbiyya.

Ran kwana bakwai na dama kunu, na soya fanke, na gayyaci ƙawaye biyar. Har lalle na sa. Muna zaune kan tabarma ana ta guɗa ƙasa-ƙasa, sai ga kakata ta dogaro sanda.

"Ƙawata, ana suna a gidan nan ba a gaya mini ba? Miƙo jikokin in sa musu albarka."

Na ɗauko su a faifai, na rufe da sabon kallabina. Kaka ta yaye kallabin, ta kai fuska kusa, ta kama ɗaya ta wutsiya ta ɗaga shi sama yana wutsil-wutsil.

"To, ƙawata, uban ba wutsiya, uwar ba wutsiya. Wannan doguwar ta dangin wa ce?"

Kafin in buɗe baki, wata ƙatuwar kusu ta fito daga ramin da ke ƙarƙashin harawa, ta bi ta kan tabarma, ta haye ƙafar babbar ƙawata. Kunu ya kife, fanke ya watse, ƴammata suka yi zaure da takalma a hannu. Daidai nan moto ya tsaya a ƙofar gida. Mutumin nawa ne, ya taho takanas saboda sunan. Kaka ta tarbe shi da jaririn a hannu.

"Angona, zo ka ga ɗanka."

Ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa. "Kaka, wallahi duka biyun maza ne. Da gangan na zaɓa don kada su cika muku gida. Na ji ta tana murna ne na kasa faɗa."

Ashe Amaryar tawa ma ƙato ne.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta hau ta leƙa rumbu, ta sauko da tafin hannu cike da wake rabi-rabi haɗe da kashin kusu. Ta ce in ɗauko kwali. Na durƙusa ina kuka na gaske, wanda ba na littafi ba. Kaka ce ta cece ni.

"Bar su, ba su suka ci miki wake ba. Tasar ƙawata ce ta yi gayya. A ba ta mako guda ta gyara."

A ranar, maimakon kalaman ƙauna da na tanada a kaye, guduma da ƙusa muka riƙe. Mutumin nawa ya ƙera keji mai dogayen ƙafafu, ya kewaye shi da ragar waya mai ƙananan idanu wadda ko yatsa ba ya shiga, muka kai shi can nesa da rumbu. Ramin muka toshe da fasassun kwalabe da laka. Yayana ya kawo shawarar guba ko kyanwa, Kaka ta ce duka biyun da Ango za su fara, sai muka ɗana tarko a inda ba sa zuwa. Abincinsu ya koma cikin gwangwani mai murfi. Kafin magariba in kwashe ragowa, in share ƙasan kejin har ƙwaya ɗaya.

Mako ya cika, Inna ta bi gidan lungu-lungu da tsintsiya ba ta ga komai ba. Sauran waken ya kai damina, su Ango kuma suka tsufa a hannuna.

Abin da na koya shi ne, in kana son abu, ka san shi tukuna kafin ka yi masa guɗa. Kuma kulawa ba cika tasa ba ce, kwashe ta ce a kan lokaci. Har yanzu ina karanta littattafaina, amma duk labarin da ya cika daɗi, sai na fara juya shi in duba ko yana da wutsiya.