Ƙofar da Kawu Sim'an Ya Buɗe

Ni kaɗai na lura cewa mako uku ke nan Kawu Sim'an yana cewa "na gode" tun a zagayen farko na matte. A ƙauyenmu na tsaunin Shuf, idan ana shan wannan shayi a ƙoƙo ɗaya da bututu ɗaya, sai ka ƙoshi kake godiya. Shi kuwa a da yakan sha har ruwan ya salance, a barandar Abu Fandi, maƙwabcinsa mabiyin addinin Durzawa, abokinsa na shekara arba'in. Mu kuwa Kiristoci ne.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shekara talatin yana raba wasiƙu a ƙafa, ya yi ritaya amma ƙafafun ba su yi ba. A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake faɗa mini labarinsa ina bugawa, yana kai da komo tsakanin taga da ƙofa.

Labarin kan yaƙin 1860 ne, lokacin da Kiristoci da Durzawa suka karkashe juna a tsaunin nan. Kowa a gidanmu ya san cewa kakan kakansa ya gudu ya buga ƙofar gidan su Abu Fandi, ba a buɗe ba, aka kashe shi a bakinta. A littafin Kawu, maigidan yana buɗewa, maƙwabta su yi koyi da shi, yaƙin ya wuce ƙauyen bai taɓa kowa ba. Sau goma sha ɗaya muka sake wannan babi. Tsoronsa ɗaya: kada Abu Fandi ya karanta ya ɗauka gori ne.

Ranar Talata Abu Fandi ya shigo mana da buta da ƙoƙo, babu ko ƙwanƙwasa ƙofa.

"Kai, tsohon jakin gidan waya, matte na ne ya lalace ko bakinka?"

"Cikina ne, Abu Fandi."

"Ƙarya kake. Yarinya, me yake sa ki bugawa?"

Na kalli Kawu. Ya juya ga taga. Na miƙa takardun.

Abu Fandi ya karanta a hankali, Kawu yana zagaya tebur, ya ɗauki cokali ya ajiye, ya sake ɗauka.

"Shirme," in ji Abu Fandi. "Wane maigida? Maza duk sun fita da bindigogi ranar. Mace ce a bayan ƙofar, da 'ya'ya uku a jikinta. Ta ji muryarsa, ta gane shi, ta riƙe sakatar. Kakata ta ce har matar ta mutu ba ta ƙara kulle ƙofar nan ba, ko da ƙanƙara na zuba."

Kawu ya tsaya cak. Ban taɓa ganin haka ba.

"Shekara arba'in ka sani ba ka faɗa ba?"

"Kai ka tambaya? In za ka yi ƙaryar, yi ta daidai. Bari ita ta buɗe."

"Yaya sunanta?"

"Zahr."

Abu Fandi ya goge bututun da ɓawon lemun tsami, ya cika ƙoƙon, ya miƙa. Kawu ya sha bai ce "na gode" ba. Ya sha na biyu, da na uku.

Sannan ya rubuta sunan a tafin hannunsa, kamar yadda yake rubuta adireshi a da, ya ɗauki jaka ya tafi sayo burodi.