Sunaye Bakwai Da Malam Ɗahiru Ya Rubuta A Bakin Gada

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Malam Ɗahiru makwancinsa. A zamaninsa, mai son jin labarin yaƙin wata ƙasa sai ya kasa kunne ga rediyo, ko ya jira motar Kano ta kawo jarida. Yanzu ko mai suyar kifi a bakin gada yana da yaƙi uku a aljihunsa, yana kallon gawarwakin 'ya'yan mutane a waya yana juya kifi a cikin mai. Labari ya yawaita, amma ban ga tausayi ya ƙaru ba.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Ɗahiru mutumin Dagumawa ne, malamin firamare da ya koma aika wa wata ƙaramar jaridar Hausa labarai daga Wudil: cinikin shanu a kara, ambaliya, rikicin iyakar gona. Na zauna a Injamena da Khartum da Abijan, na yi wa 'yan jarida iri-iri tafinta, amma ban ga mai ɗabi'arsa ba. In ya gama rubuta maganarka sai ya karanta maka ita daga farko, ya ce, "Haka ka faɗa?" Sannan ya nemi sunanka da na mahaifinka. Yakan ce wanda jarida ta kira "wani mutum" tamkar an binne shi ne ba sallah.

Wata Juma'a da hantsi ya aiko a kira ni. Masu kaki sun tare wata babbar mota a bakin gada, sun sauke maza bakwai, baƙi da yaƙi ya koro daga gabas, sun zo neman aikin kiwo a kara. Ba sa jin Hausa, sai Larabcin ƙasarsu, kuma rashin Hausar nan shi ne duk laifin da na gani. An tuɓe musu riguna, an zaunar da su a rana.

"Alhaji, kai da ka tara harsunan duniya," in ji shi, "zo ka fitar musu da zakka."

Masu kakin na can suna zazzage kayan motar, cinkoson ranar kasuwa kuma ya rufe ni. Na tsuguna na yi tafinta. Ya rubuta sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya karanta, na maimaita, kowa ya gyaɗa kai. Dattijon cikinsu har gyara masa sunan mahaifinsa ya yi. Kafin a kira sallar Juma'a an tafi da su.

Jaridar ta buga labarin a layi biyar, ta cire sunayen, ta ce "wasu da ake zargi". Ko hakan ma ya isa. Bayan kwana uku aka ɗauke Malam Ɗahiru a ƙofar gidansa, shi da littafinsa. Wata huɗu ya yi a hannun masu kaki, tambaya ɗaya ake nanata masa: wa ya yi maka tafinta? Bai faɗa ba. Ya fito da tari da ƙafar da ba ta takuwa, bai ga damina ta biyu ba.

Ni fa, ina nake? Ranar da na ji an kama shi na tuna ina da ɗan'uwa marar lafiya a Maraɗi. Wata huɗu na yi ina jinyar mutumin da ya warke tun makon farko.

Na ga ƙasar da ake garƙame ofishin jarida da kwaɗo, na ga wadda ake harbe ɗan jarida a titi. Namu salon ya fi su wayo. A ɗauki mutum ɗaya, sauran su ɗinke bakinsu da hannunsu. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mun riƙe karin maganar nan fiye da kima, har muka manta cewa ruwan zai iya kashe wutar.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ɗaliban jami'a sukan zauna a majalisarmu su nuna mana hotunan garuruwan da aka rushe a ƙetaren teku, mu yi salati, mu yi Alƙunutu, kuma ya kamata. Amma a tsayar da mota a kan gadarmu a sauke mutum, sai kowa ya duƙar da kai kan wayarsa. Yi wa na nesa kuka ba ya kai kowa ɗaurin wata huɗu. Na san Malam Ɗahiru zai leƙa hoton, ya nuna gawa guda, ya ce, "Wannan, ya sunansa?"

Makon jiya na je Dagumawa na gaida matarsa, Malama Hauwa. Na tarar tana ɓarar gyaɗa. Bayan mun gaisa na faɗa mata abin da na ɓoye shekara da shekaru: ni ne tafintan, kuma guduwa na yi.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Alhaji, duk Wudil wa bai sani ba? Malam ya yafe maka tun yana kwance. Ni ban kai can ba tukuna." Ta ture tiren gefe. "Littafin ba su dawo da shi ba. Kai ka ji sunayen da kunnenka, ka maimaita da bakinka. Faɗa mini su, a rubuta, ko danginsu za su zo nema wata rana."

Na buɗe baki. Adam ɗan Isa. Haruna ɗan Musa, dattijon nan. Na tsaya. Na yi ta laluben kaina da Larabci, da Hausa, da Faransanci, babu. Ta jira ni har ladan ya kira la'asar, sannan ta ja tirenta ta ci gaba da aikinta.

Abin da ya rage na Malam Ɗahiru ke nan: sunaye biyu a ƙwaƙwalwar tsoho matsoraci. Biyar sun tafi, babu wanda zai iya zuwa gaban hukuma ya ce ina wane ɗan wane. Jaridar ta mutu, ba wanda ya gaje shi. Allah Ya jiƙansa da rahama. Tun ranar da aka ɗauke shi, ba a sake samun mutumin da ya tsaya a gadar Wudil ya tambayi wanda aka kama sunansa ba.